Hawan dutsen Helvellyn a lokacin hunturu

Helvellyn dutse ne da ke arewa maso yammacin Ingila, a gundumar Cumbria, cikin yankin da ake kira Lake District, wato yankin tafkuna. Tsayinsa mita 950 ne daga saman teku, kuma shi ne na uku a tsayi a duk Ingila, bayan Scafell Pike mai mita 978 da Scafell mai mita 964. Yana tsakanin manyan tafkuna biyu, Thirlmere daga yamma da Ullswater daga gabas. Hawansa da ƙafa yana cikin tafiye-tafiyen da suka fi farin jini a Birtaniya, har ma a farkon shekarar 2018 masu kallon gidan talabijin na ITV suka zaɓe shi a matsayi na ɗaya cikin hanyoyin yawo ɗari na ƙasar.

A watannin zafi mutum mai lafiya yakan hau ya sauko a wuni guda ba tare da wani kayan aiki na musamman ba. Daga Disamba zuwa Maris kuwa, wani lokaci har cikin Afrilu, saman dutsen yakan rufe da dusar ƙanƙara, rana ta gajarce, iska ta ƙara ƙarfi, hanyar da yara ke bi a watan Yuli ta koma wurin da ake rasa rayuka. A wannan lokacin ne kuma ake samun iska mafi tsabta da hangen nesa mafi kyau, abin da ke jan mutane su hau duk da haɗarin. Idan aka kwatanta da duwatsun wasu ƙasashe, Helvellyn ƙaramin dutse ne: birnin Jos kansa, da ke kan tudu mai kimanin mita 1,200, ya fi ƙololuwarsa bisa. Wahalarsa ta samo asali ne daga inda yake, digiri 54 da rabi arewa da layin ikwaita, kusa da teku, a kan hanyar iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika.

Asalin suna

Ana furta sunan da ƙarfafa gaɓar tsakiya, kamar a ce hel-BEL-in, sai dai baƙin farko na gaɓar tsakiyar irin wanda ake furtawa ne da leɓen ƙasa da haƙoran sama, wanda babu shi a Hausa. Rubutu mafi tsufa da aka samu ɗauke da sunan na shekarar 1577 ne.

Sunan ba na Turanci ba ne. Bayanin da aka fi ambata shi ne na masanin sunayen wurare Richard Coates, wanda a 1988 ya kawo cewa sunan ya fito ne daga harshen Cumbric, wani harshe na dangin Keltik da aka yi magana da shi a wannan yanki har zuwa wajajen ƙarni na 12, ɗan'uwan harshen Wales da na Cornwall. A bayanin nasa kalmomi biyu ne suka haɗu: hal, ma'ana fili mai ciyawa a kan tudu, da melyn, ma'ana ruwan ɗorawa. A waɗannan harsuna, idan siffa ta biyo bayan suna na mace, baƙinta na farko yakan sauya, m ta koma v, shi ya sa melyn ta zama velyn. Hausa ma tana daidaita siffa da jinsin suna, kamar a farin doki da farar goɗiya, amma ita a ƙarshen kalma take yin sauyin, su kuwa a farkonta. Ma'anar sunan ke nan tudu mai ruwan ɗorawa, kuma wanda ya ga gangaren yamma a ƙarshen shekara, lokacin da ciyawarsa ta bushe ta koɗe, ba zai yi mamakin sunan ba.

Sauran sunayen da mai tafiya zai ci karo da su a taswira suna nuna al'ummomin da suka zauna a yankin ɗaya bayan ɗaya. Ƙauyen Glenridding, inda aka fi fara hawa, sunansa ma daga Cumbric yake, ma'anarsa kwari mai ganyen fan, wani tsiro mai faffaɗan ganye da ke rufe gangaren duwatsun. Mutanen yankin suna kiran dutse fell, ƙaramin tafkin kan dutse tarn, rafi kuma beck. Dukkan ukun daga tsohon harshen 'yan Sikandinebiya suke, fjall da tjörn da bekkr, waɗanda suka zauna a nan tun wajajen ƙarni na 10. Ullswater ana fassara shi da ruwan Ulf, sunan wani mutum daga cikinsu. Thirlmere kuwa tsohon Turanci ne, tafki mai kafa, domin kafin a datse shi yana da wani matsattsen ƙugu a tsakiya inda aka yi gada. Saboda haka a tafiyar wuni guda mutum yakan ratsa sunaye daga harsuna uku, biyu daga cikinsu an daina magana da su a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Siffar dutsen

Duwatsun da suka gina Helvellyn sun samu ne daga aman wuta na kimanin shekaru miliyan 450 da suka wuce. Siffarsa ta yanzu kuma aikin ƙanƙara ce. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, manyan tarin ƙanƙara masu gangarowa a hankali sun ƙwaƙule kwaruruka masu zurfi, waɗanda daga baya ruwa ya cika su suka zama tafkunan da ake gani a yau. Ƙanƙarar ƙarshe ta narke daga ƙwaryoyin dutsen kimanin shekaru 11,700 da suka wuce.

Dutsen fuska biyu gare shi, kuma ba su yi kama da juna ba. Ta yamma, wajen Thirlmere, gangare ne mai ciyawa, mai tsawo da gajiyarwa amma babu rami a gefensa. Ta gabas kuwa ƙasa ta yanke ne kwatsam. A can rana ba ta daɗewa, iska kuma tana tara dusar ƙanƙara, don haka a nan ƙanƙarar dā ta fi yin aiki, ta haƙa manyan ramuka masu kama da ƙwarya. A cikin ɗaya daga cikinsu, daidai ƙarƙashin ƙololuwa, akwai ƙaramin tafki mai suna Red Tarn a tsayin mita 718, zurfinsa kimanin mita 25. Siraran dorayen dutse guda biyu ne suka rungume shi kamar hannuwa: Striding Edge ta kudu, Swirral Edge ta arewa. Swirral Edge yana ƙarewa ne a kan wani tsauni mai tsini, Catstye Cam, mai mita 890.

Saman dutsen shimfiɗaɗɗen fili ne na tsakuwa, mai faɗin da har jirgin sama ya taɓa sauka a kai. Akwai ginshiƙin masu awon ƙasa, da tarin duwatsu da ke nuna wuri mafi bisa, da wata mafaka da aka gina da duwatsu a siffar gicciye, yadda ko ta ina iska ta biyo mutum zai samu kusurwar da zai fake.

Yanayin hunturu

A ƙa'ida, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Selsiyos a duk hawan mita 1,000. Glenridding tana kan mita 150 ne ko kusa da haka, don haka ranar da ake da digiri 4 da yayyafi a ƙauyen, a sama ruwa ya riga ya daskare, abin da ke sauka kuma dusar ƙanƙara ce. Baƙi da yawa a nan suke ruɗuwa, domin a wurin ajiye motoci ciyawa kore shar take, ba a ganin komai da ke nuna halin da saman ke ciki. Iska ma ta fi ƙarfi a sama, kuma tana kwashe ɗumin jiki da sauri, ta yadda sanyin da mutum ke ji ya fi wanda ma'auni ke nunawa nesa ba kusa ba.

Rana gajeriya ce. A ƙarshen Disamba takan fito wajen ƙarfe 8:30 na safe ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, wato haske bai wuce awa bakwai da 'yan mintuna ba. Zagayen da aka saba yi daga Glenridding yakan ci awa shida zuwa bakwai idan akwai ƙanƙara, saboda haka wanda ya makara da awa ɗaya da safe a duhu zai sauko.

Sanyin wannan yanki ba mai ɗorewa ba ne kamar na tsakiyar Turai. Saboda kusancin teku, dusar ƙanƙara takan sauka yau, ta fara narkewa gobe, jibi kuma ta sake daskarewa. Wannan narkewa da daskarewa ita ke mayar da dusa mai laushi ta zama dandaɓe mai tauri da santsi wanda takalmi ba ya kamawa. Iskar da ta fi kaɗawa daga kudu maso yamma take zuwa, tana share dusar daga filin sama tana jibge ta a bakin gabas. A nan dusar takan yi wani leɓe da ya zarce bakin dutsen ya rataya a kan sarari. Daga sama leɓen yana kama da ci gaban fili, alhali ƙarƙashinsa babu komai sai gangaren da ke sauka zuwa Red Tarn. Haka nan dusar da ta taru a gangaren gabas da na arewa takan zaftare, musamman bayan sabuwar dusa ta sauka da iska ko kuma lokacin da ɗumi ya shigo kwatsam.

Abu na ƙarshe shi ne gajimare. Idan ya sauko ya rufe saman da ke lulluɓe da dusa, sama da ƙasa sukan zama fari fat, babu inuwa, babu layin da ya raba su. A fili shimfiɗaɗɗe mai rami a gefe ɗaya, wannan ya fi duhun dare muni, domin tocila ba ta maganinsa.

Hanyoyin hawa

Hanyar da ta yi suna ita ce wadda ke tashi daga Glenridding ko maƙwabciyarta Patterdale, ta hau ta Striding Edge, ta sauko ta Swirral Edge. Zagayen ya kai kimanin kilomita 13, da hawan sama da mita 800. Daga Glenridding ana bin wata turba da aka shimfiɗa wa duwatsu zuwa tudun Birkhouse Moor. A wannan hawa na farko, duk lokacin da mai tafiya ya waiwaya zai ga Ullswater yana ƙara buɗewa a bayansa, da lanƙwasarsa da 'yan tsibiransa. Daga nan sai a bi gefen wata katangar duwatsu har zuwa inda take da kafa, wurin da ake kira Hole-in-the-Wall, wato kafar bango. A nan hanya ta rabu biyu: ta dama ta nufi Red Tarn, ta hagu ta nufi Striding Edge. Masu hankali a nan suke tsayawa su duba iska da gajimare da agogo, su yanke shawara, domin wanda ya shiga doron ya yi nisa komawa baya ba ta fi ci gaba sauƙi ba.

Striding Edge yana farawa ne sosai daga wani tsini mai suna High Spying How. Daga nan doron ya tsuke, a wasu wuraren faɗinsa bai wuce taku ɗaya ko biyu ba, Red Tarn na ƙasa ta dama, kwarin Nethermost Cove na ƙasa ta hagu. Kusa da farkonsa akwai wani ƙaramin allon ƙarfe na tunawa da Robert Dixon, wanda ya faɗo daga nan a 1858 yana bin karnukan farautar yanyawa. A lokacin zafi akwai wata 'yar turba da ke bin gefe ƙasa kaɗan da tsinin doron, wadda masu jin jiri ke bi. A hunturu wannan turba takan cika da dusa ta zama gangare mai santsi, sau da yawa ma tsinin ya fi ta aminci. Kusa da ƙarshen doron akwai wani tsagi na kimanin mita 7 da sai an juya an fuskanci dutsen an sauka da hannu da ƙafa, kuma a nan layi yakan taru a ranakun hutu. Bayan shi sai hawa na ƙarshe mai tsauri zuwa filin sama, wanda a hunturu yakan ƙare da bangon dusa mai tauri.

A tsarin auna wahalar hawa na Birtaniya, Striding Edge da Swirral Edge duka suna mataki na ɗaya, mafi sauƙi, cikin hanyoyin da ake sa hannu a lokacin zafi. Idan ƙanƙara ta rufe su kuwa ana lissafa su ne a mataki na ɗaya na hawan hunturu, wato sun fita daga sahun yawo sun shiga sahun aikin mahaya duwatsu. Swirral Edge ya fi gajarta, mutane kuma sukan raina shi, amma ana zuwa masa ne a gajiye, da yamma, ana saukowa, kuma samun mashigarsa daga filin sama cikin gajimare yana da wuya. Taku na farko daga bakin filin zuwa kan doron yana cikin wuraren da aka fi zamewa a duk dutsen.

Akwai hanyoyin da ba sa bi ta dorayen. Daga Glenridding ana iya bin tsohuwar hanyar dawaki da ke wucewa ta tsohuwar mahaƙar Greenside, ta hau a karkace ta saman Keppel Cove zuwa White Side, sannan ta bi ta Lower Man. Daga yamma, hanya mafi gajarta tana tashi daga wurin ajiye motoci na Swirls a bakin Thirlmere ta wuce gefen Browncove Crags, wata kuma tana tashi daga tsohon cocin Wythburn. Daga Grasmere a kudu akwai doguwar hanya ta Grisedale Tarn da Dollywaggon Pike da Nethermost Pike. Waɗannan sun fi sauƙi, amma dukkansu a fili ɗaya suke ƙarewa, kusa da leɓen dusa ɗaya, kuma matakalan dutse da aka shimfiɗa a kansu don hana zaizayar ƙasa sukan rufe da ƙanƙara mai kama da gilashi.

Abin da ake hange daga sama

Helvellyn yana kusa da tsakiyar yankin, babu kuma dutsen da ya fi shi tsayi a kusa, don haka a ranar da sama ta washe kusan duk manyan duwatsun yankin suna bayyana. Ta arewa akwai Skiddaw mai mita 931 da Blencathra mai mita 868, bayansu kuma mashigin ruwan Solway da tuddan kudancin Sikotland. Ta kudu maso yamma akwai jerin Scafell da Great Gable. Ta gabas, ƙetaren Ullswater, akwai dogon doron High Street, inda Rumawa suka taɓa shimfiɗa hanya, can nesa kuma jerin tuddan Pennine da ƙololuwarsu Cross Fell. Ta kudu ana hango sassan tafkin Windermere, wanda ya fi kowane tafki girma a Ingila, da Coniston Water, da ƙyallin teku a Morecambe Bay. Thirlmere, duk da kusancinsa, faɗin filin sama yakan ɓoye shi, sai an matsa wajen Lower Man ko an fara sauka ta yamma ake ganinsa sosai.

Hunturu ya fi kowane lokaci ba da wannan hange. Iska mai sanyi ba ta ɗauke da hazon da ke dushe nesa a watannin zafi, rana kuma ba ta hawa sama sosai, haskenta a karkace yake zuwa duk wuni, yana fito da kowane doro da kowane kwari. Tafkunan sukan yi baƙi ƙirin a tsakanin fararen duwatsu. Red Tarn yakan daskare a shekarun da sanyi ya yi tsanani.

A wasu safiyoyi marasa iska, iska mai sanyi takan kwanta a kwaruruka, mai ɗumi ta hau samanta. Sai gajimare ya cika kwarin, ƙauyuka su wuni cikin hazo, wanda ya hau dutsen kuwa ya fito cikin rana ya ga ƙololuwoyi kaɗai sun leƙo kamar tsibirai. A irin wannan rana, mai tsaye a kan Striding Edge da rana a bayansa yakan ga inuwarsa ta faɗa kan gajimaren da ke ƙasa, ta yi girma, da zobe mai launin bakan gizo kewaye da kanta. Ana kiran wannan abu fatalwar Brocken, da sunan wani dutse a Jamus. Kowa tasa inuwar kaɗai yake gani da zoben, ko da abokin tafiyarsa na tsaye a gefensa.

Rahoton kullum, kayan aiki da ceto

Tun daga 1987 hukumar da ke kula da gandun ƙasa na Lake District take ɗaukar ma'aikata na musamman waɗanda aikinsu shi ne hawa Helvellyn kowace rana a hunturu, daga Disamba har zuwa wajen bikin Ista, har da ranar Kirsimeti. Suna yin aikin ne da karɓa-karɓa. A sama sukan auna zafin iska da gudunta, su duba zurfin dusa da taurinta da halin da leɓen gabas ke ciki, su ɗauki hotuna, sannan a wallafa rahoton a shafin intanet na Weatherline tare da hasashen hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office. Amfanin rahoton shi ne mutum ne ya taka wurin da ƙafarsa: hasashe zai iya faɗin sanyin da za a yi, amma ba zai faɗi ko matakalar Swirral Edge ta daskare ba. An zaɓi Helvellyn ne saboda yawan masu hawansa da kuma yadda fuskarsa ta gabas ke riƙe dusa fiye da yawancin duwatsun yankin.

Kayan da ake buƙata idan akwai ƙanƙara su ne takalmi mai taurin ƙasa, da ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaura masa, da gatarin ƙanƙara, wanda ake dogarawa a tafiya ake kuma kafa shi a tsayar da jiki idan an zame. Riƙe gatarin ba tare da an koyi tsayar da kai da shi ba amfaninsa kaɗan ne, shi ya sa ma'aikatan suke kuma koyar da darussan wuni guda a kan dutsen. Sai tufafi masu ɗumi hawa-hawa da rigar da ruwa da iska ba sa ratsawa, da safar hannu fiye da ɗaya, da tocilar goshi, da abinci da abin sha mai zafi, da taswirar takarda da kamfas. Taswirar da ta ƙunshi dutsen ita ce ta Ordnance Survey mai lamba OL5. Wayar salula tana taimakawa, amma sanyi yana cinye batirinta da sauri, kuma akwai kwarurukan da babu sabis.

Ceto a duwatsun Ingila aikin 'yan sa-kai ne, ba a biyansu, wanda aka ceta ma ba a cajinsa, da gudummawar jama'a ƙungiyoyin ke tafiya. Ɓangaren gabas na Helvellyn yana hannun ƙungiyar ceto ta Patterdale, wadda aka kafa a 1964, ɓangaren Thirlmere kuma yana hannun ta Keswick, wadda aka kafa a 1947. Ana kiransu ne ta lamba 999, a nemi 'yan sanda, sannan a nemi masu ceton dutse. Daga lokacin kira zuwa isowarsu saman dutsen yakan ɗauki sa'o'i, jirgi mai saukar ungulu kuma ba ya iya tashi cikin gajimare ko iska mai ƙarfi. A wannan jira, sanyin da ke shiga jikin wanda ya karye yana kwance a kan dusa yakan fi karayar kanta barazana ga ransa.

Tarihi

Makiyaya da mahaƙa sun daɗe suna ratsa dutsen kafin a fara hawansa don nishaɗi a ƙarshen ƙarni na 18. Mawaƙi Samuel Taylor Coleridge ya ratsa shi a watan Agustan 1800 ya sauka Grasmere da dare wurin abokinsa William Wordsworth. Masanin kimiyya John Dalton, wanda aka fi sani da nazarin ƙwayar zarra, ya riƙa hawansa shekara da shekaru yana auna yanayi.

Mutuwar da ta fi shahara a dutsen ita ce ta Charles Gough, wani matashi mai zane, wanda ya tashi daga Patterdale a watan Afrilun 1805 tare da karyarsa, bai kuma isa inda ya nufa ba. Sai a watan Yuli wani makiyayi ya ji haushi kusa da Red Tarn, ya tarar da ragowar gawarsa da karyar a gefe, da ranta. Wordsworth da Walter Scott duk sun rubuta waƙoƙi suna yabon amanar karyar. Wasu mutanen lokacin kuwa tambaya suka yi, me ta ci ta rayu wata uku, amsar da suka bayar kuma ba ta yi daidai da waƙoƙin ba. An kafa dutsen tunawa da shi a 1890 kusa da inda Striding Edge ya haɗu da filin sama.

Ranar 22 ga Disamba, 1926, John Leeming da Bert Hinkler suka sauke ƙaramin jirgin sama ƙirar Avro a kan ƙololuwar, karo na farko da aka sauke jirgi a kan dutse a Birtaniya. Sun tarar da mutum ɗaya a wurin, E. R. Dodds, farfesan harshen Girka a jami'ar Birmingham, wanda ya sa hannu a takarda ya shaida saukar tasu kafin su sake tashi. Akwai allon dutse a wurin da ke tunawa da wannan rana.

Alfred Wainwright ya ba dutsen babi mai tsawo a littafin farko na jerin littattafansa na jagora da ya rubuta ya kuma zana da hannu, wanda ya fito a 1955. An kafa gandun ƙasa na Lake District a 1951, UNESCO kuma ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. A kan tsaunin Raise, arewa kaɗan da Helvellyn, akwai ƙungiyar masu wasan zamiya a kan dusa da aka kafa a 1936.

Tafkunan biyu da ƙauyukan gindin dutse

Thirlmere da ake gani a yau madatsar ruwa ce. Hukumar birnin Manchesta ta datse tsohon tafkin, aka gama aikin a 1894, duk da adawa mai ƙarfi da aka yi, wadda ake lissafawa cikin gwagwarmayar kare muhalli ta farko a Birtaniya. Ruwa ya cinye gidajen Armboth da yawancin Wythburn, cocin ne ya tsira saboda yana kan tudu. Har yau ruwan yana gangarawa zuwa Manchesta ta wata magudana mai tsawon kimanin kilomita 154.

Ullswater, mai tsawon sama da kilomita 11, shi ne na biyu a girma a yankin. Glenridding da ke bakinsa ta girma ne saboda mahaƙar darma ta Greenside, wadda aka rufe a 1962. Ruwan da ke saukowa daga Helvellyn ya sha yi wa ƙauyen ɓarna. A watan Oktoban 1927 madatsar da mahaƙar ke amfani da ita a Keppel Cove ta fashe cikin dare, ruwa ya ratsa ƙauyen. A Disamban 2015 guguwar da aka sa wa suna Desmond ta zubar da ruwan sama milimita 341.4 cikin awa 24 a Honister, 'yan kilomitoci yamma da nan, adadin da ba a taɓa aunawa ba a Birtaniya. Rafin Glenridding ya cika da duwatsu ya malala cikin shaguna da gidaje, hanyar A591 da ke bin gindin dutsen ta yamma kuma ta yanke, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Mayun 2016.

Dabbobi da tsirrai

Tumakin da ake gani a gangaren yawancinsu irin Herdwick ne, masu toka-tokan gashi da farar fuska, waɗanda ke jure sanyin dutsen. Ba a killace su, kowace tunkiya ta san yankinta na kiwo, kuma daga uwarta take koyonsa. A hunturu tsuntsayen da aka fi gani a sama su ne manyan hankaki baƙaƙe, da wasu ƙananan tsuntsaye farare-farare da ke zuwa daga arewa mai nisa su yi kiwo a filin ƙololuwa. A cikin Red Tarn akwai wani kifi mai suna schelly, wanda ya saura tun bayan narkewar ƙanƙara, kuma a tafkuna huɗu kaɗai ake samunsa: Red Tarn, Ullswater, Haweswater da Brothers Water. A tsagogin fuskar gabas, inda tumaki ba sa iya kaiwa, akwai ragowar tsirran ƙasashen sanyi, ciki har da wata gajeriyar bishiya mai gashi-gashi a ganye wadda ta kusa ƙarewa a Ingila, aka kuma riƙa dasa sababbi don a ƙara yawanta. Saboda waɗannan tsirrai ake roƙon mahaya kada su sa gatari da ƙarafunan takalmi a tsagogin sai ƙasa ta daskare sosai, domin idan ba ta daskare ba ƙarfen yana tumɓuke su da saiwarsu.